Yadda Na Ɗauko Wa Kawu Jirgi Daga Yamai

Tun da aka share makokin Kawu ban sami sakewa ba. In na zauna a tashar mota, tambaya. In na fito daga masallaci, tambaya. Har wanzamina sai ya ɗora mini aska a wuya sannan ya ce, "Wai Umaru, ƙaƙa Yamai ɗin ga take?" Wasu don Allah suke tambaya, wasu kuwa so suke su ji inda zan yi tuntuɓe su sami abin dariya. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki guntunsa ya je ya ƙara masa gishiri. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, har da wurin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wanda ya iya boko ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Sai na fara da ƙaryar, don ita ta kai ni Yamai. A Kalgo kowa ya san ni da Umaru Ɗan Bama, makanikin jirgin sama. Gaskiyar magana, a yaƙin Bama bokiti da tsumma aka ba ni. Shekara biyu ina wanke jiragen Turawa, in sun dawo in goge musu laka da baƙin mai, in taya a tura su ƙarƙashin itatuwa. Ban taɓa ɗora sifana a kan injin ba, ban kuma taɓa tashi sama ba. A jirgin ruwa aka kai mu, a jirgin ruwa aka maido mu. Amma ran da na dawo aka taru a ƙofar gida, wani dattijo ya ce, "Mi ka ka yi can?" sai bakina ya riga ni, na ji na ce, "Gyaran jirgin sama." Wuri ya ɗauki kabbara. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa kam a shekara goma har jikoki ta yi.

Kawuna, Alhaji Bawa na Gwandu, ƙanin mahaifiyata ne, mai fataucin ƙirgi da goro. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara huɗu, matarsa Inna Kulu ita ta goya ni, don Allah bai ba su haihuwa ba. Damina biyu kafin wannan tafiya ciwon ciki ya kama Inna. Aka sa ta a lori za a kai ta asibiti, lorin ta kafe cikin laka wajen Malisa. Kwana biyu ana haƙa ana turawa, ruwa na sauka. A nan bayan lorin ta cika, kanta bisa cinyar Kawu. Tun daga ranar bai koma yadda yake ba. Da ya ga ƙaramin jirgin wani likita ya sauka a Birnin Kebbi, aka ce masa daga Kano yake kuma ko azahar bai rasa ba, sai ya rantse ba wanda zai ƙara mutuwa bisa hanya a gidansa. Ana nan fatake suka kawo labarin wani Bafaranshe a Yamai da zai koma ƙasarsu, yana sayar da ɗan tsohon jirginsa. Mutanen Gwandu suka ce Alhaji ya taɓu. Shi ko a jikinsa. Ya aika aka kira ni.

"Umaru," ya ce, "kai ka san kan abin ga. Tahi ka diba min shi awa yadda a ka diban doki. In lahiyayye na, ka kawo shi kahin ruwa shi sauka. Ciniki ba ruwanka, Malam Hassan na can ya gama shi. Idonka ɗai ni ka so."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe kuwa, sai na ji na ce, "An gama, Kawu." Na ari sifana guda a wurin mai gyaran keke, don kada in je hannu sake a raina ni.

Bayan girbi na tashi. Na shiga wata lori a Kalgo mai ɗauke da busasshen kifi za ta Kamba, muka hau bisa kaya. Kusa da ni wata tsohuwa ce za ta Gaya ganin jika, da kwandon agwagi a cinya. Duk ramin da muka faɗa sai agwagin su amsa, ita kuma ta tsine wa direba a hankali, tana gamawa ta yi istigfari. Ba mu yi nisa ba labari ya zaga cewa akwai makanikin jirgin sama a cikin mota, aka matsa mini na miƙe ƙafa, har da mai ba ni goro.

Muna wuce Bunza mota ta yi tari sau biyu ta mutu. Kowa ya juyo ya dube ni. Direba ya ɗaga murfin injin ya ja gefe da ladabi, ya ce, "Bisimilla, Saja." Na sauko. Na sa kai ciki, na taɓa wannan waya na taɓa waccan, na dafa wani ƙarfe ashe wuta ne, na ƙone tafin hannu, na haɗiye ihun. Daga ƙarshe na ce injin jirgi daban yake, wannan ƙaramin aiki ne, bai kamata in shiga hakkin mai mota ba. Direba ya tsotse datti daga bututun mai, mota ta tashi. Tsohuwar nan ta kama hannuna tana shafa mini man kaɗe a ƙunar, ta juya shi ta duba, ta ce, "Ɗan nan, hannun ga naka bai yi kama da na mai taɓa ƙarhe ba. Awa na mai wanki." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma goron da ke bakina ya koma ɗaci.

A Kamba muka kwana a rumfar wani mai sayar da hura, da safe muka bi wata motar zuwa iyaka, har da tsohuwar. Ni da nake zaton zan ga ganuwa ko ƙofa, sai ga gora guda an gitta bisa ganga biyu. Jandarman da ke tsaron gorar, mai gajeren wando da jar dara, ya yi ta zuba mana Faransanci har ya gaji, sannan ya koma Hausa tsantsa irin tamu, ashe ɗan Dogon Dutsi ne. Ya sa kowa ya naɗe hannun riga a ga lambar rigakafin agana. Wani malami da ba shi da ita aka tsaga masa nan take, yana ta "La haula". Da aka zo kaina ya zazzage jakata, ya ɗaga sifanar ya ce, "Wannan hwa?" Na ce kayan aikina ne, jirgi za ni dubawa. Ya dubi sifanar, ya dube ni, ya mayar da ita jaka. Kilishin da na yi guzuri shi ya fi ɗaukar hankalinsa. Ya ce sai ya ɗanɗana ya ji ko halal ne a ƙasar Faransa. Ya ɗanɗana, ya sake ɗanɗanawa, har ya ɗanɗane rabi.

Muna tsallake gora direba ya karkata ya koma hannun dama. Na yi salati da ƙarfi, na ɗauka barci ya kwashe shi. Aka ce ai haka ake tuƙi a nan. Har muka kai Gaya duk motar da ta taso sai in rufe ido. A can na rabu da tsohuwa da agwaginta. Ta sa mini albarka, ta ƙara da cewa, "Allah shi ruhe asiri." Ban san me ta gani ba, amma na amsa da amin har zuci.

Daga Gaya zuwa Doso kwana ɗaya, a Doso kuma muka yi kwana biyu muna jiran a buga wa mota hatimi. Faransawa suna da wata al'ada: rana na take tsaka sai kowa ya rufe ofis ya je ya kwanta, ko gobara ake yi sai la'asar. A nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙala shi a hammata tsirara yana tafe yana gaisawa da jama'a. Mu nan ko ƙosai ka saya sai ka rufe shi. Na saya don yunwa, ɓawon ya yanke mini dasashi.

Rana ta biyar na shiga Yamai. Malam Hassan, abokin cinikin Kawu, Bakabe ne da ya shekara ashirin a can, shi ya sauke ni a shagon zaurensa. Mutum ne mai kirki da yawan magana, kuma yawan maganar nan tasa ita ta ƙarasa ni, don tun kafin in iso ya shelanta wa unguwa cewa Alhaji ya aiko babban injiniyan da ya gyara wa Ingila jirage. Kafin in wanke ƙafa an kawo mini agogo biyu da keken ɗinki da wata fitila mai famfo. Na ce na yi alkawari ba na taɓa komai sai jirgi. Wannan ya ƙara mini girma a idonsu.

Abinci ban rasa ba. Zabarmawa na kwaɗa zogale da ƙuli su kira shi kopto, safe da yamma, har sai da na fara mafarkin tuwon shinkafar Kalgo da miyar kifi. Gaisuwarsu "fofo", ka yi ta fofo har ka rasa inda za ka tsaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai Turawansu ne. Ƙato da ƙato su haɗu a hanya su sumbaci juna a kumatu. Na ga wani ya sa karensa a gidan gaba na mota, kukunsa dattijo mai furfura yana baya a tsugune. Na ce a raina, ko Turawanmu da girman kansu ba su kai nan ba.

Kashegari da hantsi muka tafi filin jirgi, ni da Malam Hassan da 'yan rakiya kusan goma da ba wanda ya gayyace su. Jirgin na cikin wata rumfar kwano, ɗan ƙarami, ruwan ɗorawa, kujera uku. Waɗanda na wanke a Bama na ƙarfe ne, manya. Wannan da na ƙwanƙwasa fiffikensa sai na ji ya amsa kamar ganga. Ashe tufa ce aka ja bisa ƙashin itace, aka shafe da fenti. Na kusa cewa "A'a!" na danne, na gyaɗa kai kamar dama abin da nake nema ke nan.

Bafaranshen dogo ne mai jan wuya, bai damu da mu ba, hankalinsa ya riga ya tafi gida. Mai kula da jirgin shi ne Isufu, wani Bazabarme mai kimanin shekara hamsin, siriri, mai magana a hankali, yana jin Hausa daidai gwargwado. Shekara tara yana renon jirgin nan. Ya fito da littattafai uku inda aka rubuta duk kusar da aka taɓa kwancewa tun ran da aka ƙera shi, ya ce jirgin da ba shi da waɗannan ba jirgi ba ne, tarkace ne. Ni kuwa na yi abin da Kawu ya ce, na duba shi kamar doki. Na harbi taya da ƙafa, na leƙa ƙarƙashin ciki, na ja wutsiya, na shinshina mai. 'Yan rakiya suna ta "Ka ga masana!" Na tashi na karkaɗe hannu na ce lafiyayye ne. Lafiyayyen ne kuwa, amma ba don na sani ba.

Sai Isufu ya matso, ya dafa fiffike, ya ce, "Saja, abu huɗu na ba shi so. Na hwarko iska, kullum ka ɗaure shi da turke. Na biyu rana, tana cin tuhwar, ka yi mai inuwa. Na ukku..."

Na waiga na ga Malam Hassan da mutanensa sun zuba mini ido. Kunya ta kama ni, a ce ana koya wa babban injiniya karatu a gaban jama'a. Na ɗaga hannu na ce, "Kai, dakata. Waɗanda nig gyara Bama, wanga cikin cikinsu za shi shiga shi kwanta. Ɗan Sarkawa masunta za ka koya ma ruwa?" Aka fashe da dariya. Isufu bai yi ba. Ya shafa fiffiken a hankali, ya ce, "To. Allah shi ba da sa'a."

Da la'asar ya biyo ni har masauki da littattafan a naɗe cikin tsumma. Ya tarar da ni tsakiyar taro ina ba da labarin yadda na ɗaure wa wani jirgi fiffike da igiya ana ruwan harsashi. Ya ce yana son magana da ni gefe. Na ce ya ajiye littattafan, na gode. Ya tsaya jim kaɗan a bakin zaure, sannan ya tafi. Duk abin da ya faru daga baya, a wannan tsayuwa tasa ya faru.

Bafaranshen ya samo izinin sauka sau ɗaya a ƙasar Ingilishi, shi zai tuƙo ya koma a mota. Da sassafe Isufu ya murɗa farfela da hannu, injin ya kama, ya ja da baya ya juya mana ƙeya, bai ɗaga hannu ba. Ni ina kujerar baya, na karanta duk abin da na haddace har da wanda ban haddace daidai ba. Ƙasa ta sulale ta bar mu. Ba mu daɗe ba amai ya taso mini, ban sami komai kusa ba sai hulata, sabuwa, wadda na saya don ranar. Da na ɗan farfaɗo na leƙa. Ga gulbi, ga gonaki, ga garken shanu. Na nemi iyakar nan inda aka cinye mini kilishi, ko alamarta babu. Tafiyar da ta ci mini kwana biyar, kafin rana ta yi zafi mun gama ta. A nan na gane Kawu ba taɓuwa ya yi ba, shi kaɗai ne mai hankali a cikinmu.

Muka sauka a babbar gonar Kawu da ke bayan Kalgo, hanyar Wurogauri, wadda aka cire wa kututture aka baje kunyoyi. Kun dai ga taron, ba sai na faɗa ba. Kawu ya tako a hankali, ya ɗora tafin hannu bisa fiffike, ya daɗe. Sai na ji ya ce, "Da Kulu..." bai ƙarasa ba. Ya juyo ya rungume ni a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Ni ina ɓoye hula a bayana.

Di'o, Baturen mulki, ya aiko cewa jirgi ba zai tashi ba sai takardarsa ta zo daga Ikko, sai kuma matuƙi mai lasin. Kawu ya riga ya shirya da wani matuƙi Bakwara, irin Larabawan nan na Kano, da zai zo kafin damina. Ya koma Gwandu, ya bar mini amanar jirgi. Na kafa turaku na ɗaure shi, saboda iska. Na sa aka yi masa rumfar kara da zana, saboda rana. Biyu daga cikin huɗu ke nan. Sauran biyun kullum sai na kwana da su a rai, in ce gobe zan aika a tambayi Isufu, gobe ta yi in ce ina zan sa fuskata.

Masu kallo ba su yanke ba, kowa sai ya shafa, ga kashin tsuntsu daga rumfa. Jirgi ya yi dauɗa. Nan fa raina ya yi fari, don an zo wurin da na iya da gaske. Na ce tun da tufa ce, ai sai a wanke ta yadda matanmu ke wanke tufa in ta yi maiƙo. Na jiƙa jar kanwa a tulu, na tace, na wanke shi daga hanci har wutsiya. Duk Alhamis haka. In ya bushe sai ya yi wani fari-fari a jiki, ina tsammanin tsabta ce. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba, don shi kaɗai ne ba ƙarya a cikinsa.

Kun san al'adarmu. In rani ya tsaya Fulani kan sauka a gona shanu su zuba taki, mai gona ya ba su gero, ya ajiye wa shanu kanwa su lasa. Ardo na Wurogauri tun zamanin ubansa gonar Kawu yake sauka. Ba a aika masa, ba ya tambaya, in lokaci ya yi sai dai a ga shanu. Ba wanda ya tuna ya ce masa bana gonar ta zama filin jirgi. A makon da abin ya faru na wanke jirgi ran Alhamis, na tafi Gwandu in gaya wa Kawu takarda ba ta iso ba tukuna. Tsohon da na bari gadi aka yi masa rasuwa a Kalgo ya tafi jana'iza.

Ran Asabar da hantsi ina dawowa na hangi Ardo tsugune a bakin hanya, malfarsa a hannu. Dattijon da ban taɓa ganin kansa a buɗe ba. Ya ce, "Umaru, mun ga shanu sun taru ƙarƙashin rumhwa, munka ɗauka Alhaji ya aje musu kanwa awa kullum. Har na ce in aika a yi godiya. Kahin mu lura..."

Ban tsaya jin sauran ba. Rumfa sun cinye ta. Tufar jikin jirgin sun lashe ta har ta yage, suka bi yagar suka tauna. Inda harshe bai kai ba ƙaho ya kai, ƙasusuwan fiffike sun karye wuri-wuri. Yana tsaye bisa tayoyinsa, a ɗaure da turakuna, kamar kifin da aka cinye aka bar ƙaya. Na zauna cikin kashin shanu na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ran da Inna ta rasu.

Sai a lokacin na aika wa Isufu ta hannun Malam Hassan. Amsa ta zo bayan wata guda. Na uku, kada sabulu ko kanwa su taɓa shi, ruwa zalla. Na huɗu, shanu, don ko ba kanwa suna son fentin, sai an yi masa shingen ƙaya. Tufar da fentin daga Faransa suke zuwa, sai a shekara ana jira, itacen da ya karye kuma ba mai ɗora shi a ƙasar nan. A ƙarshen wasiƙar Malam Hassan ya rubuta, "Isufu ya ce in gaya maka ya zo har masauki."

Kawu ya zo daga Gwandu, ya zaga jirgin sau ɗaya, ya yi innalillahi. Bai yi wa Ardo faɗa ba, ni ma bai yi mini ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya tare a Kalgo. Ya kawo maɗinka da bandir ɗin akoko, suka lulluɓe fikafikan suka shafe da koko. Kullum yana zaune gefe a buzu yana kallo, yana ramewa. Ruwan farko da ya sauka akokon ya saki ya zubo. Ya dube shi, ya naɗe buzunsa ya shiga gida.

Tsakiyar damina ciwon ciki ya kama shi, irin na Inna sak. Hanyar Birnin Kebbi ta zama kunu, direba ya ce ko za a yanka shi ba zai sa mota ba. Ardo ne ya ce gangar jikin jirgin ba ta da nauyi, tayoyinta kuma masu faɗi ne, za ta bi inda lori ba ta bi. Na ɗauko sifanar mai keke na kwance fikafikan. Wannan shi ne karo na farko a rayuwata da na ɗora sifana a kan jirgin sama. Ardo ya kawo takarkarai biyu, muka ɗaura musu wutsiyar, don ta baya ake jansa. Muka ɗora Kawu a kujerar gaba, fuskarsa na kallon Kalgo, muka kama hanya bayan azahar. Ni ina tafe gefensa, riƙe da ƙofa, laka har gwiwa.

Mun yi nisa na ga numfashinsa ya canza. Na ce in ban faɗa yanzu ba, sai gaban Allah. Na ce, "Kawu, ni ban taɓa gyara jirgi ba. Wanki ni ka yi Bama. Kuma an so a gaya min zancen kanwa da shanu, nih hana, don kar a raina ni."

Bai buɗe ido ba. Ya ce, "Na sani. Kulu ta hwaɗa min tun shekarad da kad dawo. Ta ce ta ga yadda ka ka matse tsumma. Ta ce in ruhe maka asiri."

Na ƙara riƙe ƙofar. Na ce, "To Kawu, don mi ka aike ni?"

Ya ce, "Wa ni ka da shi, Umaru?"

Bai ƙara magana ba sai kalmar shahada. Mun fara hango rufin kwanon Birnin Kebbi ya cika. Ardo ya juya takarkarai muka komo, jirgi na bin su ta baya, fuskar Kawu tana kallon garin da asibitin yake har ya ɓace mana.

To masu tambaya yaya tafiya a jirgi take, sau biyu na yi tafiya da shi, kun ji duka biyun. Takardar Ikko ta iso bayan sadakar arba'in, na sa ta cikin littattafan Isufu. Daga yau wanda ya kira ni makaniki ba zan amsa ba. Abin da ya saura na jirgin yana bayan gidana, na kewaye shi da shingen ƙaya, ko da yake ba sauran abin da shanu za su lasa. Duk Alhamis nakan wanke shi da ruwa zalla.